Yajin Aikin Gama-Gari: Ma'anarsa da Yadda Yake Shafar Al'ummar Alelu

Yajin aikin gama-gari shi ne ma'aikatan sassa daban-daban su ajiye aiki a lokaci guda, bisa umurnin uwar ƙungiyarsu, domin matsa wa hukuma lamba kan wata buƙata da ta shafe su baki ɗaya. Ya bambanta da yajin aikin ƙungiya ɗaya, kamar na malaman jami'a, wanda zai iya rufe jami'ar Aliero alhali asibiti da banki suna buɗe. A Nijeriya, Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC, wadda aka kafa a 1978, da takwararta TUC su ne kan kira shi.

Na farko a ƙasar nan ya auku a watan Yunin 1945, lokacin mulkin Turawa. Ma'aikatan jirgin ƙasa ne kan gaba, ƙarƙashin Michael Imoudu, suna neman alawus na tsadar rayuwa, kuma an shafe fiye da kwana 40. An sake yin wani a watan Yunin 1964 kan albashi.

Wanda jama'armu suka fi tunawa shi ne na Janairun 2012. Bayan janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141. An shiga yajin aiki ranar 9 ga wata, aka janye ranar 16, bayan gwamnatin tarayya ta maido da farashin naira 97. Na 3 ga Yunin 2024 kuwa bai wuce kwana biyu ba, amma har an kashe babban layin wutar lantarki na ƙasa. A watan Yuli aka amince da naira 70,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi, sannan a watan Oktoba Mai Girma Gwamna Nasir Idris, wanda shi kansa tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta NUT ne na ƙasa, ya amince da naira 75,000 ga ma'aikatan Jihar Kebbi.

Manomin Alelu ba ya karɓar albashi, amma yajin aikin yakan iske shi har gida. Idan gidajen mai suka rufe, injin ban-ruwa ya tsaya a fadama, albasar da aka ɗaure domin kasuwannin kudu kuma ta yi ta jiran mota. A ganinmu, wannan asarar ce ba a cika lissafawa ba a teburin sulhu.

Doka ta amince da 'yancin yajin aiki, sai dai da sharuɗɗa. Gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 ya wajabta jefa ƙuri'a tsakanin mambobi tukuna, ya kuma hana tilasta wa wani shiga. Haka nan dokar rikicin ma'aikata ta tanadi cewa babu albashi na kwanakin da ba a yi aiki ba.

Saboda haka muna shawartar jami'an ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama da su sanar da hakimai da masu unguwanni da zarar ƙungiyoyi sun ba da wa'adi, domin masu juna biyu da masu karɓar magani su je asibiti da wuri, manoma kuma su tanadi man ban-ruwa.