Shata Huɗu a Adakar Kawu

A zauren gidanmu na Ƙofar Sauri akwai wata adakar ƙarfe mai shuɗin fenti wadda ba mai taɓa ta sai Kawu. Tun muna yara muka san abin da ke ciki: waƙoƙin Alhaji Mamman Shata ne, wasu a faifai, wasu a kaset, wasu a faifan CD. Bara da ƙaramar salla na je gaishe shi, na miƙa masa wani ɗan memori da na saya a bakin kasuwa, na ce, "Kawu, ga Shata nan gaba ɗayansa, waƙa ta fi ɗari uku. Ka huta da wahalar kaset." Ya jujjuya shi a tafin hannu, ya ce, "Madalla, Allah shi yi albarka. Akwai Bakandamiya ciki?" Na ce akwai. Ya ce, "Wacce?"

Na yi shiru, don ban san akwai wacce da wacce ba. Wannan tambaya ce ta zaunar da ni kwana uku a gaban adakar, muna kwatanta abin da kowane zamani ya adana na muryar mutum ɗaya: faifai, kaset, CD da memori.

An haifi Shata a Musawa a 1923, ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi makwancinsa a Daura. Ya shafe fiye da shekara hamsin yana waƙa, kuma ba zama yake yi ya rubuta ta ba. Makaɗa su saɓa kalangu, ya ba 'yan amshi gindin waƙa, sai ya shiga zuba ɗiyanta gwargwadon wanda ke zaune a gabansa da abin da ya faru a ranar. Gindin yana nan daram, ɗiyan ne ke canzawa. Saboda haka Bakandamiya, waƙar da yake yi wa kansa kirari a cikinta, ta fito sau da dama cikin kama daban-daban. Wadda ya yi yana da sauran ƙuruciya daban, wadda ya yi bayan ya zaga ƙasashe daban. Mai tara waƙoƙin Shata yana tara ranaku ne da wurare, ko ya sani ko bai sani ba.

Mun fara da faifai. Faifan garmaho na da, mai juyi 78 a minti ɗaya, ba ya ɗaukar fiye da minti uku ko huɗu a kowace fuska. Babban faifai mai juyi 33, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a Amurka a 1948, shi ne ya kai kimanin minti ashirin a fuska ɗaya. Na Kawu irin wannan ne, bugun kamfanin EMI na Nijeriya. Da ya ɗora allura, abin da na fara lura da shi shi ne tsabtar sauti duk da ɗan ƙaraurawar tsufa. Ana jin muryar Shata a gefe, amshi a gefe, ana jin lokacin da makaɗi ya matse tsarkiyar kalangu da hammata sautin ya hau, da lokacin da ya sake ta ya sauka. Ga kuma kwali da hoto, da sunan kamfani, da lambar faifai, da jerin waƙoƙi. Faifai yana faɗa maka daga inda ya fito.

Sai dai akwai abin da babu. A faifan Kawu ba guɗa, ba hayaniyar jama'a, ba maroƙin da ke katse waƙa ya shelanta kyautar da aka yi. Mutumin da ya saba kwana yana wasa a fili an sa shi a ɗaki an ce ya gama kafin fuskar faifai ta cika. Kawu ya ce, "Wannan Shata ne da rigar zuwa ofis."

Daga nan muka koma kan kaset, wanda shi ne ya cika kashi biyu cikin uku na adakar. Kamfanin Philips ne ya ƙirƙiro shi a 1963, kuma a shekarun 1970 rikoda mai batir ta bazu a ƙasar Hausa, daga tashar mota har rumfar mai shayi. Kaset mai lamba 60 yana ɗaukar minti talatin a kowane gefe, mai lamba 90 kuma minti arba'in da biyar. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne kowa na iya danna jan maɓalli ya ɗauki sauti da kansa.

Kaset ɗin Kawu iri uku ne. Akwai na kamfani, mai bugaggen kwali. Akwai wanda ya ɗauka da hannunsa daga rediyo, galibi gidan rediyon Kaduna da aka kafa a 1962, har ana jin muryar mai gabatarwa kafin kiɗa ya tashi. Akwai kuma na fili, wanda wani ya ajiye rikoda kusa da lasifika a wajen biki ko naɗin sarauta, daga baya aka yi ta kwafa hannu zuwa hannu. Wannan na ukun shi ya fi kowanne rashin kyan sauti, shi ne kuma Kawu ya fi ji da shi. A cikinsa ake jin Shata ya tsaya ya yi wa wani ba'a, jama'a su fashe da dariya, ya ja wa makaɗi kunne, ya koma kan waƙa kamar bai taɓa barin ta ba.

Illar kaset ita ce kwafi. Duk lokacin da aka juye daga wani kaset zuwa wani, sai shuu ɗin zare ya ƙaru, kaifin sauti ya ragu. In injin da aka kwafa da shi yana gudu fiye da ƙima, ko batir ya yi sanyi lokacin ɗauka, sai murya ta sirance ko ta yi kauri, kiɗa ya yi gaggawa ko ya ja ƙafa. Ga kalangu wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, tun da hawa da saukar sautinsa magana yake kwaikwaya. Mun sami waƙa ɗaya a kaset biyu, ɗauka ɗaya ce ba shakka, amma a ɗayan Shata ya koma kamar saurayi ɗan shekara ashirin. Wanda bai taɓa jin ɗayan ba zai rantse haka muryarsa take. Ga kuma gefen kaset da ke ƙarewa waƙa ba ta ƙare ba, a juya a ci gaba, ɗa ɗaya ko biyu sun faɗi a tsakani.

Faifan CD ya shigo duniya a 1982, amma sai wajen ƙarshen rayuwar Shata da bayan rasuwarsa ya zama ruwan dare a kasuwanninmu. Na ɗauka a nan za mu sami sauti mafi kyau. Ashe waɗanda ke adakar daga tsofaffin kaset aka juyo su, da shuu ɗin da saurin da yankewar duka. Sabuwar riga ce aka sa wa tsohon ciwo.

Sai memori nawa. Waƙa ɗari uku da 'yan kai, gaskiya ne, amma da muka bi su ɗaya bayan ɗaya sai muka ga wasu an maimaita su sau uku da suna daban-daban. Wasu ba su da suna sai lamba. Guda biyu ma ba Shata ba ne, wani makaɗin kalangu ne mai kwaikwayonsa. An matse sautin don ya shiga ƙaramin wuri, an yanke gabatarwar rediyo, an yanke shelar maroƙi, wato an zubar da daidai wuraren da ke nuna ranar da wurin da aka yi waƙar. Ban zargi mai tura waƙar da ya sayar mini ba, shi ma haka ya same su. Kuma dole a faɗi alherin memori da intanet: yau yarinya a Maraɗi ko ɗalibi a Alƙahira zai ji Shata a wayarsa ba tare da ya mallaki adaka ba. Ba a taɓa samun zamanin da waƙoƙinsa suka yaɗu kamar yanzu ba, ba a kuma taɓa samun zamanin da aka san kaɗan game da asalin kowace ɗauka kamar yanzu ba.

A wasu wurare akwai abin da masu tara faifai ke kira kundi: a koma ga zaren asali da aka ɗauki waƙa a kansa, a tsabtace sauti, a sake buga faifai da yawa a akwati ɗaya tare da ɗan littafin bayani. Fela Kuti, wanda ya rasu a 1997, shekara biyu kafin Shata, ya sami wannan gata. Kamfanin Knitting Factory na Amurka ya yi ta fitar da kundayen faifansa, kowanne da wanda ya zaɓi abin da za a sa: na uku Brian Eno a 2014, na huɗu Erykah Badu a 2017, na shida Idris Elba a 2023. Masu saye suna zama su yi gardama a kan wane kundi ya fi, wane zaɓi ya fi wakiltar mutumin. A Mali ma, kamfanin World Circuit ya tattara waƙoƙin da Ali Farka Touré ya ɗauka a gidan rediyon ƙasar a shekarun 1970 ya fitar da su a 1996. Abin lura, wasu daga faifan Fela na farkon shekarun 1970 EMI ɗin nan ce ta buga su, wadda ta buga na Shata.

Me ya sa Shata bai sami irin wannan ba? Dalili na farko, manyan kamfanonin faifai na Turawa sun janye daga Nijeriya tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, EMI ta koma Ivory Music, kasuwar Arewa kuwa ta riga ta koma hannun masu kwafar kaset. Na biyu, aikin Fela faifai-faifai yake, ana iya jera shi a ƙirga. Na Shata ya warwatsu tsakanin kamfani, gidajen rediyo da talabijin, da gidajen mutanen da ya yi wa waƙa. Na uku, akwai batun haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba waƙa kariya har shekara saba'in bayan rasuwar mai ita, wato waƙoƙin Shata suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069. Duk mai son yin kundi na gaskiya sai ya zauna da magada.

Masana sun yi nasu ƙoƙarin ta fuskar rubutu. Dandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana a 1975. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah!, a 2006. Amma takarda ba ta riƙe amon kalangu. Zaren kaset kuwa yana da iyakar kwana: zafi yana sa shi ya manne, damina tana sa masa fumfuna, rikodar da za ta juya shi ma sai an sha nema kafin a sami mai gyara.

A kwana na biyu Kawu ya koya mini yadda ake gane shekarun ɗauka ko da ba a rubuta ba. Waƙar kumbo Apollo 11 ba za ta riga Yulin 1969 ba, lokacin da kumbon ya kai mutane duniyar wata. In maroƙi ya ambaci naira, to, bayan 1 ga Janairu, 1973 ne, ko da yake ambaton fam ba ya nuna kafin nan, don mutane sun daɗe suna lissafi da fam. In aka ambaci Jihar Katsina, bayan Satumban 1987 ne. In aka kira shi Dakta, bayan 1988 ne, shekarar da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. In ana yi wa Sarkin Katsina Usman Nagogo addu'ar tsawon rai, ba a wuce 1981 ba. Duk waɗannan alamu suna zaune ne a gefen waƙa, a wuraren da mai yanka don memori ke ganin surutu ne kawai.

Ga mai son tara Shata, ga abin da na fito da shi daga gaban adakar. Kada yawa ya ruɗe ka, waƙa talatin da ka san asalinsu sun fi ɗari uku marasa suna. In ka sami ɗauka biyu na waƙa ɗaya, kada ka goge ɗaya sai ka tabbata kwafin juna ne. In kana son jin kiɗa da murya yadda suke, nemi faifai ko kaset ɗin kamfani. In kana son jin Shata cikin jama'arsa, nemi na fili, ka haƙura da shuu. In za ka juye kaset zuwa kwamfuta, juye shi ɗungurungum daga farkon zare har ƙarshe, ka ɗauki hoton kwalin da duk abin da aka rubuta a kai da biro, kuma kada ka yar da kaset ɗin bayan ka gama.

A kwana na uku muka ƙirga Bakandamiya biyar a adakar, ba wadda ta yi daidai da 'yar'uwarta. Ta memori na kwafin ɗaya daga cikinsu ce, an gutsure mata kai da wutsiya. Na tambayi Kawu wacce ce ta ainihi. Ya ce, "Kai ɗan nan, wace rana ce cikin ranakunka ta ainihi?" Sai ya ɗauko wani kaset marar kwali, ya gaya mini garin da aka ɗauke shi, da bikin wanda ake yi, da direban da ya kawo masa shi. Ba ko ɗaya daga cikin wannan da ke rubuce a ko'ina. Kawu ya haura saba'in, idonsa ya fara rauni.

Shi ya sa yanzu duk Asabar bayan la'asar nake zuwa Ƙofar Sauri da littafi mai layi da biro. Mu sa kaset, ya saurara, ya faɗi abin da ya tuna, ni kuma in rubuta lamba a jikin kaset ɗin in rubuta bayanin a littafi. Inda ya ce bai tabbata ba, sai in rubuta cewa bai tabbata ba. Mun kai na arba'in da bakwai, saura fiye da ɗari a adakar.