Daga ihu a bakin fili zuwa cilla mutum sama: yadda wasan zuga na Amurka ya riga dokokinsa girma

Idan ka taɓa kallon ƙwallon kwando ko ƙwallon ƙafa irin ta Amurka a talabijin, da wuya ba ka ga wasu matasa a bakin fili ba, sanye da kaya iri ɗaya, suna tsalle suna karkaɗa wasu tuntaye masu ƙyalli. Can sai ka ga an cilla ɗaya sama, ta juya a iska, an cafe ta. Amurkawa na kiran abin ciyalidin, wato jagorantar 'yan kallo wajen ihun ƙarfafa gwiwa. A nan za mu kira shi wasan zuga, masu yinsa kuma 'yan zuga, tunda asalin aikin ke nan, kusan irin abin da makaɗi ke yi wa ɗan dambe.

To ga abin da zai ba ka mamaki. Akwai wata cibiya a Jami'ar North Carolina da ke tattara alƙaluman munanan raunukan wasanni tun 1982, wato raunin da ya kai ga mutuwa, ko nakasa ta dindindin, ko mummunar illa ga kai da ƙashin baya. Da Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta duba alƙaluman a 2012, sai ta ga kusan kashi biyu cikin uku na irin waɗannan raunuka a tsakanin 'yan mata masu wasanni a makarantun sakandare daga wasan zuga suka fito. Yaya aka yi aikin da ya fara da ihu ya kai nan?

Da farko dai aikin maza ne. A shekarun 1870 da 1880 ɗaliban Jami'ar Princeton sun riga sun saba haɗa murya su yi wa ƙungiyarsu kirari. Amma wanda tarihi ya riƙe sunansa shi ne Johnny Campbell, ɗalibin likitanci a Jami'ar Minesota, wanda a watan Nuwamba na 1898 ya fito gaban 'yan kallo ya jagorance su da kansa. Daga nan jami'o'i suka ɗauka. Muƙami ne na masu faɗa a ji a cikin ɗalibai, har mujallar The Nation ta kwatanta darajarsa a 1911 da ta ɗan wasan da ke jagorantar ƙungiya a cikin fili. Dwight Eisenhower ya yi a makarantar sojoji ta West Point bayan ciwon gwiwa ya raba shi da ƙwallo. George W. Bush ma ya yi. Kayan aikin kuwa murya ce da bututun ƙara sauti, ƙafa tana ƙasa.

Mata sun fara shiga a shekarun 1920, amma yaƙin duniya na biyu ne ya juya lamarin: samari sun tafi fagen daga, 'yan mata suka karɓi wurin, ba su kuma sake shi ba. Da aikin ya koma na mata, sai kallon da ake yi masa ya sauya. Abin da a da ake ɗauka shugabanci ya zama ado a bakin fili. Riƙe wannan a ranka, domin shi ne tushen matsalar da za ta zo.

Mutum biyu ne suka mayar da abin sana'a. Lawrence Herkimer, tsohon ɗan zuga a Jami'ar Southern Methodist da ke Dallas, ya fara shirya sansanin horo a Teksas a 1948 da ɗalibai hamsin da 'yan kai, ya kafa ƙungiyar NCA, ya shiga sayar da riguna da tuntayen nan. Sai yaronsa Jeff Webb, wanda ya ɓalle a 1974 ya kafa tasa ƙungiyar, UCA, wadda daga cikinta kamfanin Varsity ya fito. Webb ne ya matsa wajen shigo da ɗaga mutum a kafaɗa da kan tafin hannu, da gina dalar mutane, da alkafura irin ta 'yan jimnastik. A farkon shekarun 1980 tashar ESPN ta fara nuna gasar makarantun sakandare ta ƙasa. Ka san halin gasa: abin da ya ci kofi bana, baɗi kowa ya iya shi, sai an ƙara tsayi, an ƙara juyi.

Cikin shekaru kaɗan abin da yaran ke yi da jikinsu ya koma jimnastik sosai, amma a takardun makarantu yana nan a layin "ayyukan ɗalibai", tare da ƙungiyar muhawara da ta 'yan badujala. Kada ka ɗauka batun suna ne kawai. A tsarin makarantun Amurka, abin da aka rubuta a matsayin wasa yana zuwa da wasu haƙƙoƙi: gwajin lafiya kafin fara kaka, koci mai takardar shaida, jami'in lafiya a wurin atisaye, fili na musamman, da ƙa'idar yaushe wanda ya bugu a kai zai dawo. Abin da ba wasa ba kuwa, malamar da take da sarari da yamma sai a ba ta riƙonsa, ko ta taɓa ɗaga mutum ko ba ta taɓa ba. Zauren wasanni na 'yan ƙwallo ne. 'Yan zuga sai su yi atisaye a ɗakin cin abinci, ko a baranda, ko wurin ajiye motoci.

A nan kimiyyar take, bari mu ɗan zauna a kai.

Akwai salon da ake kira cillin kwando. Mutum biyu su sarƙe hannuwansu kamar saƙar kwando, yarinya ta taka, wasu su taimaka daga baya da gaba, a harba ta sama. Ɗauka cewa ta kai mita huɗu da rabi. Daga can zuwa ƙasa bai cika daƙiƙa ɗaya ba, kuma za ta iso da gudun kimanin kilomita 34 a awa. Gudun babur ne a cikin gari. Wannan ƙarfin dole ya tafi wani wuri, kuma abin da ke raba lafiya da nakasa shi ne tazarar da jiki ya samu kafin ya tsaya cak. Idan hannuwan abokanta suka tare ta suka bi ta ƙasa kamar rabin mita, ƙarfin ya bazu. Idan daɓe ne ya tare ta cikin santimita ɗaya, bugun da jiki zai sha ya ninka wajen sau hamsin. Yarinya ɗaya, tsayi ɗaya, bambancin kawai abin da ta sauka a kai.

Wasu masu bincike biyu a asibitin yara na Columbus da ke jihar Ohio, Brenda Shields da Gary Smith, sun auna wannan a 2009. Sun riƙa sakin na'ura mai auna bugu a kan daɓe iri-iri, suna neman iyakar tsayin da faɗuwa daga ƙasa da shi ba a sa ran za ta jawo raunin kai mai barazana ga rai. A kan kankare, iyakar santimita 15 ce kacal. A kan ciyawa, kimanin mita ɗaya. Daɓen katako na zauren ƙwallon kwando bai kai mita ɗaya da rabi ba. Daɓe mai sifirin irin na 'yan jimnastik kuwa ya haura mita uku. Yanzu lissafa: yarinyar da ke tsaye a kan hannuwan da aka miƙe sama, kanta ya wuce mita uku daga ƙasa, tun ba a cilla ta ba. Ka ga ke nan shekara da shekaru ana yin abin a kan daɓen da bai iya karɓar ko rabin faɗuwar.

Ba wai babu masu ƙoƙari ba. Tun 1987 aka kafa ƙungiyar kociyoyin zuga ta AACCA, ta fitar da littafin ƙa'idojin kariya da kwas na horar da kociyoyi. Sai dai bin ƙa'idojin ya dogara da jiha da makaranta. Abin da ya girgiza mutane ya faru ne a watan Maris na 2006 a birnin St. Louis, a wasan ƙarshe na wata gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i da ake nunawa kai tsaye. Wata ɗalibar Jami'ar Southern Illinois ta suɓuce daga saman dala, kimanin mita huɗu da rabi, ta faɗo da ka a kan katako. Ta samu tsagewar ƙashin wuya da buguwar ƙwaƙwalwa. Ana fita da ita a ɗaure kan gadon ɗaukar majinyata, 'yan badujala suka sa taken makaranta, sai ta shiga motsa hannuwa tana bin kiɗan. 'Yan kallo suka yi ta tafi, gidajen talabijin suka yi ta maimaitawa a matsayin jarumta. Ta warke, Allah ya kiyaye. Amma duk wanda ya san aikin ceto zai gaya maka cewa mai ciwon wuya ba a so ya motsa ko kaɗan, kuma tafin nan ya nuna irin tarbiyyar da ake yi wa yaran: murmushi dole, ciwo a ɓoye.

Daga kakar 2006 zuwa 2007 aka hana cillin kwando a kan daɓe mai tauri. Sai a kan katifa, ko ciyawa, ko filin gudu mai roba. Wani bincike da aka buga a 2019 ya kwatanta kafin da bayan dokar, ya ga munanan raunuka daga wannan salon sun ragu kusan ninki huɗu. Ba a ƙirƙiro wata na'ura ba, ba a soke salon ba. Layi ɗaya aka ƙara a littafin doka.

Gaskiya dai, alƙaluman nan suna buƙatar a karanta su da hankali. Kashi biyu cikin uku da muka ambata kaso ne na wani adadi ƙarami, 'yan ƙalilan a shekara cikin yara masu ɗimbin yawa. Idan ana maganar rauni gaba ɗaya, wani nazari na 2016 a mujallar Pediatrics ya sa wasan zuga a matsayi na 18 cikin wasanni 22 na sakandare, wato yana cikin masu ƙarancin rauni. Matsalar ita ce idan ya zo, yakan zo da nauyi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na raunukan buguwar ƙwaƙwalwa ce, kuma ba ta sama kaɗai ke sha ba, masu tarewa ma suna shan gwiwa da gwiwar hannu a fuska. Wani nazarin na 2019 ya gano abin da ya fi jan hankalina: a cikin wasannin da aka duba, zuga ne kaɗai buguwar ƙwaƙwalwa ta fi yawa a wurin atisaye fiye da ranar gasa. Ranar gasa akwai katifa da likita da masu tsaro. Ranar Talata da yamma a baranda fa?

Kotuna ma sun rasa inda za su ajiye shi. A 2009 kotun ƙolin jihar Wisconsin ta yanke cewa zuga wasa ne na haɗa jiki, don haka ɗalibar da ta faɗi ba za ta iya ƙarar abokin da ya kasa tare ta ba. Shekara guda bayan haka, wata kotun tarayya ta ce ba wasa ba ne. Jami'ar Quinnipiac ce ta so soke ƙungiyar ƙwallon raga ta mata ta maye gurbinta da gasar zuga, domin cika sharaɗin dokar nan ta 1972 da ake kira Title IX, wadda ta wajabta wa makarantu ba mata dama daidai da maza. 'Yan ƙwallon raga suka kai ƙara, alƙali Stefan Underhill ya ce zuga bai da tsarin gasa da ya isa a lissafa shi. Abin mamaki, cikin waɗanda suka ba da shaidar cewa ba wasa ba ne har da Jeff Webb. Shi da magoya bayansa sun ce mayar da shi wasa zalla zai kashe aikinsa na asali a bakin fili. Masu suka kuma suka ce wasa yana da kaka mai iyaka da hukuma mai sa ido, abin da zai rage sansanoni da gasanni da cinikin riguna. Ni dai a ganina duk biyun akwai ƙamshin gaskiya, kuma ba su hana juna ba.

Likitoci sun fi lauyoyi saurin yanke shawara. Likitocin yara a 2012, sannan babbar Ƙungiyar Likitocin Amurka a 2014, duk sun nemi a ayyana shi wasa, dalilinsu kuma katifa ce da koci da jami'in lafiya. Kalifoniya ta yi doka a 2015. Kwamitin Olamfik na duniya ya ba ƙungiyar zuga ta duniya cikakkiyar amincewa a 2021, ko da yake hakan bai sa shi cikin wasannin Olamfik ba.

A jami'a kuwa, ɗan zuga ba ya da kakar hutu sosai. Ƙwallon ƙafa daga ƙarshen Agusta, ƙwallon kwando daga Nuwamba zuwa Maris, gasar ƙasa a Janairu ko Afrilu, zaɓen sababbi, sai sansanin horo lokacin dogon hutu, ga lacca da jarrabawa. Idan ka kalli shirin Cheer na Netflix da ya fito a 2020 game da Kwalejin Navarro ta Teksas, ka ga yadda ake cinye shekara guda ana shirin wasan da bai kai minti biyu da rabi ba.

Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA tana da dokar da ta taƙaita atisaye da wasa na dole ga 'yan wasanta zuwa awa 20 a mako lokacin kaka, da hutun kwana ɗaya. Dokar ba ta hau kan 'yan zuga, domin hukumar ba ta lissafa su cikin wasanninta. Abin da ta karɓa shi ne wasanni biyu da aka tsago daga jikinsa aka cire musu ihu da tuntaye: wasan alkafura da ɗaga juna a 2020, sai wanda ake kira STUNT daga 2023. Don haka a harabar jami'a ɗaya za ka iya samun ɗalibai biyu suna yin cillin kwando iri ɗaya, ɗaya dokar hukuma ta ƙayyade mata awoyi da kulawar lafiya, ɗayar kuwa sai abin da makarantarta ta ga damar tanada.