Hunturu da Wasannin Gargajiya a Birnin Kano

A iya binciken da na yi, hunturu shi ne lokacin da al'adun Kanawa suka fi fitowa fili. Da zarar an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, sai bukukuwan aure da kalankuwa su kankama. A da, dambe wasan mahauta ne, suna bin garuruwa tare da makaɗan kalangu, manoma kuwa kokawa ce tasu.

Wanda ya shigo birni tsakanin Disamba da Fabrairu, shawarata ya fara da Gidan Makama, wanda ake danganta gininsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499). Sai ya leƙa marinar Ƙofar Mata ya ga rini da baba, kana ya wuce Gidan Ɗan Hausa, mazaunin Bature Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909.

Ina kira ga malamai su riƙa kai ɗalibai waɗannan wurare tare da dattawa. Tsohon da ya san asalin kirarin 'yan dambe, idan ya rasu ba a rubuta ba, shi ke nan an rasa.