Kukan Kunne da Ciwon Kai Mai Naci: Nazari kan Halin Majinyata a Nariya da Kewayen Rano

Tsakure

Wannan maƙala ta duba alaƙar kukan kunne da ciwon kai mai naci, ta kuma auna binciken likitanci da yanayin rayuwa a Nariya ta ƙaramar hukumar Kibiya. Matsayarta ita ce, raba larurorin biyu wajen magani yana tsawaita wahalar majinyaci, musamman inda kemis ne zangon farko na mara lafiya.

Gabatarwa

Kukan kunne shi ne mutum ya riƙa jin ƙara ko ƙugi alhali babu abin da ke yin sa a waje. Nazarin da Jarach da abokan aikinta suka buga a mujallar JAMA Neurology a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na manya, wato sama da mutum miliyan 740, suna fama da shi, kuma ya tsananta ga kimanin kashi 2. Ciwon kai kuwa, bisa ƙa'idar ƙungiyar masanansa ta duniya ta 2018, ana kiransa mai naci idan yana zuwa kwana 15 ko fiye a wata, har ya haura wata 3.

Inda larurorin suka haɗu

A 2015 Langguth da tawagarsa a Jami'ar Regensburg ta Jamus sun nuna cewa sau da yawa ɓangaren da kan ke ciwo shi ne ɓangaren da kunnen ke kuka. Aikin Susan Shore a Jami'ar Michigan ta Amurka ya haska dalili: jijiyoyin da ke ɗauko saƙo daga fuska, muƙamuƙi da wuya suna da mahaɗa da tashar ji ta farko a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa wani in ya cije haƙora ko ya juya wuya sai ƙarar ta sauya. Sannan ga rashin barci: dare ya yi tsit, ƙarar ta fito fili, barci ya gagara, a wayi gari kai na sarawa.

Abin da ke ƙasa a Nariya

Mai injin niƙa da mai injin casar shinkafa suna wuni cikin ƙara ba tare da toshe kunne ba, haka mai ban ruwa da ke tsaye kan injinsa da rani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro marar cutarwa ga baligi a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk injin da sai an ɗaga murya kafin a ji juna a kusa da shi ya wuce wannan. Akwai kuma tabon sanƙarau, wanda annobarsa ta 1996 ta kama sama da mutum 100,000 a arewacin Nijeriya, ciwon da kan bar wasu da raunin ji.

Amma abin da ya fi damun wannan nazari shi ne ƙwayoyin magani. Manomi ya dawo daga gona, ya tsaya a kemis ya ce a haɗa masa na gajiya da ciwon kai. Asfirin mai yawa yana sa kunne kuka. Kwinin yana kawo kukan kunne da ciwon kai a tare, allurar jentamaisin kuwa tana iya lalata ji har abada. Bugu da ƙari, shan farasitamol ko dangoginsa kwana 15 a wata, ko taramol da ƙwayoyin haɗi masu sinadarin kafeyin kwana 10 a wata, na tsawon fiye da wata 3, shi kansa yana iya haifar da ciwon kai na kullum. Wato majinyaci yana sayen ciwonsa da kuɗinsa, yana zaton sauƙi yake saye. Ba laifinsa ba ne: ciwon kai yana hana aiki, don haka shi ake kai ƙararsa, kukan kunne kuwa a bar shi a ciki, wani ma ya ɓoye don gudun kada a ce iska ce ta taɓa shi.

Abin da ya dace a yi

Ya kamata ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ya tambayi duk mai ciwon kai ko kunnensa na kuka, wane aiki yake yi, kwana nawa a wata yake shan ƙwaya. Ya auna hawan jini, ya duba ƙarancin jini, ya leƙa kunne ko dauɗa ce ta toshe shi. Rage ƙwayoyi bisa kulawar likita, toshe kunne a wurin inji, da barin rediyo ƙasa-ƙasa lokacin kwanciya suna kawo sauƙi na haƙiƙa, haka na'urar ƙara ji ga wanda jinsa ya ragu.

Wasu alamun kuwa ba sa jira. Ƙarar da ke bugawa tare da bugun zuciya, ga ciwon kai, ga gani na dusashewa, musamman ga mace matashiya mai jiki, tana iya nuna hauhawar matsin ruwan ƙwaƙwalwa, wanda ke iya makantar da mutum. Haka kukan kunne ɗaya tak, ko ɗaukewar ji farat ɗaya. Irin waɗannan a tura su Babban Asibitin Rano nan take, daga nan zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.