Daga Burumburum Zuwa Tiga: Tarihin Wani Buri

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan uwana matasa, duk wanda ya bar hanyar Zariya a Kwanar Dangora ya nufi kudu ta hanyar Jos, to yana ratsa ƙasa mai nauyin tarihi, ko da bai sani ba. A Burumburum ne mulkin Haɓe na Kano ya ƙare. Sarki Muhammadu Alwali, bayan da jama'ar Shehu Usmanu suka rinjaye shi ya bar birni, a nan ya ja daga ta ƙarshe, a nan kuma aka kashe shi wajen shekarar 1807. Alƙur'ani ya yawaita kiranmu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi makomar waɗanda suka gabata. Wannan shi ne asalin yawon buɗe ido a wurin Musulmi, kuma ga shi a ƙofar gidanmu, amma ɗalibai nawa ne aka taɓa kawowa Burumburum domin a ba su wannan labari?

Wanda ya fara kallon kudancin Kano da idon baƙi masu ziyara shi ne Gwamna Audu Bako, Allah Ya jiƙansa, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975. A zamaninsa aka datse Kogin Kano a Tiga, cikin ƙasar Bebeji. An fara aikin a 1971 aka kammala a 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Ganuwar madatsar ta kai tsawon kilomita 6, ruwan da ta tara kuwa ya doshi kubik mita biliyan 2. Babbar manufa ita ce noman rani a Kadawa da ruwan sha ga birnin Kano. Sai dai Audu Bako bai tsaya nan ba. An gina otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwan Tiga, aka gina wani a bakin tafkin Bagauda, aka kuma ɗaukaka dajin Falgore, wanda tun zamanin Turawa gandun daji ne, ya zama wurin adana namun daji. Tunanin shi ne baƙo ya sauka a filin jirgin sama na Kano, ya kwana a Bagauda, ya shiga kwalekwale a Tiga, ya wuce Falgore kallon dabbobi.

Buri ne mai kyau, kuma ya ɗan yi rai. Amma a watan Agusta na 1988 ruwan sama mai ƙarfi ya fasa madatsar Bagauda, ambaliya ta ci gidaje da gonaki. Otal ɗin bai sake komawa yadda yake ba. Harabarsa ce daga baya ta zama reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Falgore kuwa, maharba da masu saran itace suka rage shi, sannan 'yan fashi da ɓarayin shanu suka mayar da shi maɓoya, har matafiya suka riƙa gudun ratsa shi da dare. A 2017 rundunar sojan ƙasa ta mayar da shi filin atisaye. Wurin da aka tanada domin baƙo mai kyamara, sai da aka kai masa soja mai bindiga.

Abin lura a nan, 'yan uwa, shi ne inda darajar ƙasa ta zauna a ƙarshe. Ba a gefen otal ta zauna ba. Ta bi magudanan ruwa ne zuwa gonakin shinkafa da tumatir da alkama na Kura da Garun Malam da Bunkure. Kadadar da ruwan Tiga yake kaiwa gare ta tana ba da amfani damina da rani, ita ce masu kuɗin birni suke rububi. A ganina duk matashin da ake kwaɗaita wa sayen fili a bakin ruwa da sunan wai gobe za a gina wurin shaƙatawa, ya fara tambayar abin da ya sami Bagauda.

Ya kuma tambayi wanda ke da ƙasar kafin ruwa ya zo. Tafkin Tiga ya shanye ƙauyuka da gonaki, an tashi mutane an sake musu matsuguni. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar shekara-shekara da manoma da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta ragu sosai bayan datse kogin. Ribar wani yanki ta zama asarar wani, alhali Manzon Allah (SAW) ya lissafa ruwa da makiyaya cikin abubuwan da jama'a suke tarayya a kansu.

Malaman fiƙihu suna da babi guda kan raya matacciyar ƙasa. Wanda ya raya ƙasar da ba ta da mai ita, ta hanyar haƙa rijiya ko gini ko dasa itatuwa, ya cancanci mallakarta. A mazhabar Malikiyya kuwa, idan tana kusa da gari sai da izinin shugaba, don kada a ƙuntata wa mutane wajen kiwo da itacen girki. Kafa alama kawai a tafi a bar wuri ba ya cikin rayawa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma tana ba shi ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, diyya kuwa a kan abin da aka gina ko aka shuka ake biyanta. Ke nan wanda ya sayi gonar talaka a Kiru ko Doguwa ya kewaye ta yana jiran farashi ya tashi, ya raba manomi da abincinsa, ƙasar ba ta rayu ba, kuma ranar da hukuma ta buƙaci wurin, kusan babu abin da zai nuna a biya shi a kai sai turakun siminti huɗu.