Kuɗin Asibiti: Inda Muka Fito da Inda Muka Dosa

Duk shekara idan ranar kafa ƙungiyarmu ta zagayo, lissafin jari da riba muke yi. Bana mun ga ya dace mu waiwayi abin da ya fi cinye jarin mace a Jega da Aliero da Maiyama, wato kuɗin asibiti.

Iyayenmu kan ba da labarin zamanin da ake karɓar magani a asibitin gwamnati kusan kyauta, ko da yake asibitocin ba su da yawa. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata, suka yi alkawarin lafiya ga kowa zuwa shekarar 2000. Ba a jima ba farashin man fetur ya faɗi. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, Naira ta karye, magani ya yi tsada. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako cewa a riƙa sayar da magani a ƙananan asibitoci, a juya kuɗin a sayo wani. Magani ya samu a wasu wurare, amma nauyin ya koma kan mai jinya.

A haka aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Kowa a cikinmu ta san yadda abin yake. Naƙuda ta yi gardama da dare, a ce sai Birnin Kebbi ko Sakkwato: ga kuɗin mota, ga kati, ga jini, ga aiki. Sai a saki akuya, a kai albasa kasuwa tun kafin ta yi daraja, ko a roƙi uwar adashi ta ba da kwasa kafin lokaci. Ai adashin nan shi ne inshorarmu ta farko, tun ba mu san sunan ba.

A can sama kuma an yi ta gwagwarmaya. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, amma gwamnatin tarayya ba ta cika ba. A 2005 aka ƙaddamar da inshorar lafiya ta ƙasa, sai dai ma'aikatan tarayya suka fi cin moriyarta. Bayan shekaru ana matsa lamba, likitoci da ƙungiyoyin farar hula da na mata suka samu Dokar Lafiya ta 2014, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin lafiya a matakin farko. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. A 2022 wata doka ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, tare da asusun marasa galihu. A jiharmu, hukumar KECHEMA ce ke rajista.

To, doka daban, gani a ƙasa daban. Har yau mafi yawan kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fita. Sanƙarau da ya ɓarke a Gwandu da Jega da Aliero a 2025 ya tuna mana cewa jinkirin neman kuɗi yana iya cin rai.

Saboda haka mu je asibitin mazaɓarmu mu tambayi yadda ake rajista, mu fara da masu ciki da yara da tsofaffi. Mu nemi kujera a kwamitin raya mazaɓa, domin a nan ake bin diddigin kuɗin asibitin. Mu kuma ware asusun jinya daban da jari. Idan 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a, mu tambaye su nawa aka sakar wa asibitinmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.