Ɗakin Taron Magina na Kilwinning: Tsakanin Tarihin Baka da Rubutacciyar Shaida

1.0 Gabatarwa

Kilwinning wani ƙaramin gari ne a bakin kogin Garnock, a yankin Ayrshire na ƙasar Sikotilan. A kan babban titin garin akwai wani gini mai lamba 99, mazaunin reshen ƙungiyar 'yan'uwantaka ta Firimesin wanda mabiyanta ke kira "Uwar Majalisa". Lambar wannan reshe a jerin rassan ƙasar ita ce sifiri. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tarihin ginin, tare da nuna yadda wannan baƙuwar lamba ta samo asali daga taƙaddama tsakanin tarihin baka da rubutacciyar shaida.

2.0 Daga Rumfa Zuwa Majalisa

Kalmar Ingilishi da ake kiran irin wannan gini da ita, wato lodge, tana nufin rumfar da masassaƙan duwatsu kan kafa a gefen babban ginin da suke yi. A cikinta suke sassaƙa, su ajiye kayan aiki, su koyar da yaransu sana'a. Sannu a hankali ma'anarta ta faɗaɗa, ta tashi daga rumfar ta koma kan mutanen da ke haɗuwa a ciki, sannan ta koma kan ƙungiyarsu da ɗakin taronta. A ƙarni na 17 aka riƙa shigar da waɗanda ba magina ba ne, har suka rinjayi masu sana'ar.

Bisa tarihin baka na reshen, maginan da suka gina gidan rahiban garin ne suka kafa shi wajen shekarar 1140. Masana tarihi kuwa suna ganin an kafa gidan rahiban ne tsakanin 1162 da 1188, kuma babu wata takarda da ta haɗa maginansa da reshen.

3.0 Abin da Takardu Suka Nuna

A shekarun 1598 da 1599, William Schaw, mai kula da gine-ginen Sarki James na VI, ya fitar da dokoki biyu na tsara sana'ar gini. Doka ta biyu ta amince da daɗewar Kilwinning, amma ta sanya shi a matsayi na biyu bayan Edinbara. Littafin bayanan taro mafi tsufa da ya rage a hannun reshen ya fara ne daga watan Disamba na 1642. A lokacin reshen ba shi da ginin kansa, domin a ɗakin bene na gidan wani mutumin garin aka yi zaman.

4.0 Rikicin Lamba

An kafa Babbar Majalisar Sikotilan a 1736, aka kuma yanke cewa tsufan takardun kowane reshe ne zai nuna matsayinsa. Reshen Edinbara ya gabatar da bayanan taro tun daga 1599, don haka aka ba shi lamba ta ɗaya. Kilwinning, wanda takardunsa ba su wuce 1642 ba, ya ƙi yarda da matsayi na biyu, ya fice a 1743. Ya ci gaba da ba sababbin rassa izinin kafuwa da kansa, a gida da ƙetare, kamar yadda ya ba reshen Canongate tun 1677. Sai a 1807 aka sasanta: ya daina ba da izini, aka ɗora shi a saman jeri. Da yake Edinbara ya riƙe lambarsa ta ɗaya, sai sifiri ya zama mafita. Mabiya reshen kan furta ta da "lambar babu".

5.0 Ginin Kansa

A tsakiyar wannan rabuwa ne, wato a 1779, reshen ya gina ɗakin taronsa na farko kusa da kangon gidan rahiban. Ana iya cewa wanda ya rasa hujja a takarda ya nemi ya kafa ta a dutse. Wannan gini ya yi aiki sama da shekara 100, kafin a maye gurbinsa da na yanzu, wanda aka buɗe a 1893. A cikinsa akwai ɗakin taro da wurin adana kayan tarihin reshen.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa ginin ya fi takardu ƙuruciya, takardun kuma sun fi tarihin baka ƙuruciya: 1893, da 1642, da 1140. Takarda ba ta tabbatar da da'awar 1140 ba, ita kuma da'awar ba ta mutu ba don rashin takarda. Sulhun 1807 ya bar wa kowane ɓangare abin da yake taƙama da shi. Wajibi ne mai nazarin irin waɗannan gine-gine ya rarrabe shekarun dutse da shekarun takarda da shekarun labari, kada ya ɗauki ɗaya a madadin ɗaya.